Maganar sitam a Ingila: na takarda, na gida, na gwal da na ƙwai

Salamu alaikum Yaya, da fatan kuna lafiya, ya su Hajiya ya yara. Naga saƙonka akan takardar wajen aikina da na turo maka, wai mutumin da ka kaiwa ya juya ta gaba da baya yace shi baiga sitam ba dan haka bazai karɓa ba. Dama nasan za a rina. Kar kaga laifinsa, kuma kar kace takardar bogi aka bani, wallahi haka suke rubuta takarda a ƙasar nan, sunan kamfani da adireshi a sama, magana a tsakiya, sa hannu a ƙasa, shikenan. Wani lokacin ma sa hannun ba da biro akayi ba, kwamfuta ce ta buga. Tun 1989 doka ta daina tilasta wa kamfanoni su mallaki hatimi, wanda yaga dama ya ajiye wanda bai ga dama ba babu mai tambayarsa, kuma yawanci basa ajiyewa. Zaka shiga ofis cike da ma'aikata ka tambayi robar nan mai shuɗiyar tawada da ke kan teburin kowane akawu a gida, a rasa wanda ya taɓa riƙe ta.

Tunaninsu ne daban da namu. Mu takarda ita ce shaida, in an dangwala mata sitam an ratsa sa hannu ta kai to magana ta ƙare. Su kuwa cewa suke sitam ai kowa zai iya zuwa a sassaƙa masa, kuma kaima kasan gaskiya suka faɗa, saboda haka basa tsayawa kallon takardar, bin bayanta suke. Su kira lambar kamfanin ko su tura imel, ko su shiga shafin Companies House inda duk kamfanin da yayi rajista yake, kyauta ne, kaga sunan daraktoci da shekarar da aka kafa shi da ko yana raye ko ya rushe. Ka gaya wa mutumin naka ya gwada, daga wayarsa ma zai gani. In kuma ya kafe sai yaga hatimi to akwai hanya amma da kuɗi. Sai na kai takardar wajen lauya ko notari ya tabbatar ya buga nasa, daga nan a tura ofishin ma'aikatar harkokin waje da ke Milton Keynes su liƙa mata wata takarda da suke cewa afostil, kuma da yake Najeriya bata cikin yarjejeniyar Hague ta 1961 da ta kawo afostil ɗin, wani lokacin sai an ƙara bi ta ofishin jakadanci. Kaga takarda guda ta ci sitam uku, duk dan ta burge wanda yake can, nan ɗin babu mai kallonsu.

Abin da zai baka dariya shine mutanen da suka yar da robar sitam sune kuma kalmar bata fita daga bakinsu. Haraji sitam, fansho sitam, biza sitam, in ɗan ƙwallo ya taka ƙafar wani da gangan aka bashi jan kati shima sitam suke cewa, in yaro yana buga ƙafa a ƙasa yana rigima shima haka. Amma in ka bi su ɗaya bayan ɗaya yawancinsu sunan ne kawai ya rage, abun kansa ya shige kwamfuta, kuɗin ne dai bai shige ko ina ba, yana nan ana karɓa.

Bari in fara da wanda har yanzu zaka riƙe a hannu, wato kan sarki na wasiƙa. Nan ƙasar aka ƙirƙiro shi. Kafin 1840 wanda aka aikowa wasiƙa shi yake biya, kuma gwargwadon nisa da yawan fallayen takarda ake caji, sai talaka yaga wasiƙarsa a hannun ɗan aike yace baya so saboda bashi da kuɗin karɓa. Wani malamin makaranta Rowland Hill ya kawo shawarar a juya abun, mai aikawa ya biya tun farko, farashi ɗaya ko ina wasiƙar zata a cikin ƙasar. Ranar 6 ga Mayu 1840 aka fara amfani da na farko, baƙi ne mai kan Sarauniya Victoria, kwabo ɗaya, shine Penny Black da masu tara sitam suke haukacewa akai. Bai ma shekara da yawa ba, a 1841 aka canza shi zuwa ja, saboda jar tawadar da ake soke shi da ita tana wankuwa, mutane suna goge ta su sake liƙawa, kaga wayo ba yau aka fara ba kuma ba mu muka fara ba. Da almakashi ake yanka shi a lokacin, sai 1854 aka fara yi masa ƙananan hujojin nan na gefe. Kuma da yake sune na farko, har yau sitam ɗin Birtaniya baya ɗauke da sunan ƙasa, kan mai sarauta kawai, duk sauran ƙasashen duniya sai sun rubuta sunansu. Da na lura da haka sai naga kakanninmu basu yi ƙarya ba da suka ce masa kan sarki, tunda wanda aka fara kawo musu a 1900 kan Victoria ne a jiki, bayanta kuma sarakuna maza suka biyo.

Yanzu kan Sarki Charles ne tun Afrilun 2023, babu kambi a kansa. Kuma kowane sitam yana da wani ɗan zane a gefe irin wanda ake haskawa da waya, sun fara sa shi a 2022 dan maganin na jabu da masu sake amfani da tsoho. Tsofaffin na yau da kullum marasa zanen sun daina aiki daga ƙarshen Yulin 2023, wanda yake dasu a durowa sai dai ya aika a musanya masa.

Farashin kuwa Yaya sai addu'a. Kala biyu ne, fas kilas da ake sa ran ya isa washegari da sakan kilas mai ɗaukar kamar kwana uku. Fas kilas sai a Afrilun 2023 ya haura fam ɗaya ya zama 1.10, kafin shekarar ta fita ya koma 1.25, a 2024 aka ƙara sau biyu ya kai 1.65, Afrilun 2025 ya zama 1.70, sakan kilas kuma kwabo 87. Ɗan littafi mai guda takwas fam 13.60 kenan a farashin 2025, ka lissafa da naira da kanka ni bana son in tada maka hankali. Wasiƙa guda zuwa gida ta haura fam uku. Hujjarsu itace mutane sun daina rubuta wasiƙa, wajen 2004 ana aika kusan biliyan 20 a shekara yanzu bai kai biliyan 7 ba, amma gidajen da ake zagayawa sai ƙaruwa suke, kuma doka ta ɗaure su dole su kai ko ina a farashi ɗaya, ko layin bayanka ne ko wani tsibiri can ƙarshen Sikotland. Na gane hujjar amma ni dai a ganina ƙarin yayi yawa, ka ninka kuɗi cikin ƴan shekaru kuma aikin yana ja baya, har hukumar da ke sa musu ido, Ofcom, ta ci tarar Royal Mail fam miliyan 10.5 a ƙarshen 2024 saboda jinkiri. Daga Yulin 2025 ma an basu damar su daina kai sakan kilas ranar Asabar, sauran ranakun kuma yau a kai gobe a tsallake. Wani abu da baƙo baya ganewa da wuri, Royal Mail daban Post Office daban. Royal Mail sune masu jar mota da ke kai wasiƙa, an sayar da shi tun 2013 kuma a 2025 wani attajiri ɗan ƙasar Cek, Daniel Křetínský, ya saye. Post Office kuwa shine kantar da kake zuwa, na gwamnati ne har yanzu, kuma sau da yawa ba wani gini bane, ɗan lungu ne a cikin shagon unguwa kusa da firjin madara.

Duk da wannan ƙorafin nawa, in maganar gaskiya za ayi aikin gidan waya a nan abun sha'awa ne. Kowace ƙofa tana da ɗan rami mai murfi, kana zaune zakaji fat an jefo. Babu zuwa buɗe akwati a gidan waya, babu zuwa tasha neman direban da zai tafi da saƙo ka bashi lambar wanda zai karɓa kana ta kira ko sun iso. Sirrin abun fostkod ne, ƴan haruffa da lambobi da suka fara gwadawa a Norwich a 1959 suka gama ƙasar a 1974, kowane ɗaya yana rufe kamar gida goma sha biyar, in ka haɗa da lambar gida an gama, babu bayan masallaci kusa da mai shayi. Kuma rayuwarka gaba ɗaya ta ramin nan take shigowa, ranar ganin likita, katin banki, lasin tuƙi, harajin ƙaramar hukuma, ambulan mai ruwan ƙasa daga ofishin haraji wanda kowa gabansa ke faɗuwa in ya gani. Wasiƙun nan sune shaidar kana zaune a gidan, in zaka buɗe asusu su za a tambaya. Mafi yawansu ma babu kan sarki a jiki, inji ne ya buga alamar an biya. Jajayen akwatunan bakin titi kuwa in ka duba gabansu akwai harufan sarkin da aka kafa su a zamaninsa, zaka iya cin karo da mai VR tun na Victoria yana nan yana aiki, ana zuwa kwasa kullum.

Toh sai babban, wanda yake sa manya kuka, sitam duti na sayen gida. Kasan naira hamsin ɗin nan da banki ke cirewa in kuɗi ya kai dubu goma kuna ta zagi, da kan sarkin da ake liƙawa a takardar cinikin fili a sa hannu a kai, to asalinsu ɗaya, daga nan aka kai mana. A 1694 aka fara shi a Ingila dan a samu kuɗin yaƙi da Faransa, wai na ɗan lokaci, yau shekara ɗari uku da ɗoriya. Shine kuma suka ƙaƙaba wa mutanen Amurka a 1765, akan jarida da takardun kotu har da katin karta, rigima ta tashi suka janye a 1766 amma wutar bata mutu ba har ƙasar ta ɓalle. Na sayen gida a nan yanzu tun 2003 babu wani sitam da ake bugawa, lauyanka ne zai cike fom ta intanet ya tura kuɗin cikin kwana 14 da kammala ciniki. Lissafin hawa hawa ne, daga Afrilun 2025 fam 125,000 na farko babu komai, daga nan zuwa 250,000 kashi 2 cikin ɗari, daga nan zuwa 925,000 kashi 5, sama da haka 10 har 12. Gidan fam 300,000, wanda a Landan ko ɗaki biyu mai kyau da wuya ya baka, harajinsa fam 5,000. Wanda bai taɓa mallakar gida ba an yafe masa har zuwa 300,000. Amma ga inda yake kama mutanenmu, bai taɓa mallaka ba ɗin nan ko ina a duniya suke nufi ba Ingila kawai ba, in kana da gida a gida to kai ba sabon shiga bane, kuma in gidan yana nan a hannunka kuma darajarsa ta kai fam 40,000 ana iya lissafa na nan a matsayin na biyu a ɗora maka ƙarin kashi 5 akan kuɗin gaba ɗaya. Wanda baya zaune a ƙasar kuma akwai wani kashi 2 a kai. Dan haka ka gaya wa Alhajin da yake cewa in duba masa gida a nan ya fara wannan lissafin tukun. Sikotland da Wales nasu daban ne da wani suna.

Akwai wata dattijuwa da muke aiki tare, kullum maganarta na biya sitam ɗina shekara arba'in babu wanda zai gaya min magana. Inshorar ƙasa take nufi, kuɗin da ake cira a albashi. Tun dokar 1911 ainihin sitam ake saya a gidan waya a liƙa a katin ma'aikaci duk sati, in kati ya cika a mayar, sai a 1975 aka daina wa masu albashi aka koma cirewa kai tsaye. Yau shekara hamsin babu kati amma tsofaffi basu saki sunan ba. Kuma ba wasa bane, sai kana da shekara 10 na biya kafin ka samu ko kwabo na fanshon gwamnati, cikakke kuwa sai 35. Nima ana cire min duk wata, ina shiga waya in ga shekaruna suna taruwa.

Na fasfo shine wanda ni abun bai kwanta min ba. Da in an baka izinin zama kati ake baka mai hotonka, ka sa a walat, duk wanda ya tambaya ka zaro. Katunan nan sun ƙare aiki ranar 31 ga Disamba 2024, yanzu izinin yana intanet kawai, in mai gidan haya ko mai ɗaukar aiki yana son gani sai ka shiga ka ciro wata lamba ka bashi ya duba da kansa. Sunce yafi tsaro, baya ɓata ba a sace shi, na yarda. Amma mutum ya bar ƙasarsa ya kashe abun da ya kashe, ace duk zamansa yana rataye da faswod da cajin waya, babu ko ƙyalle da zai nuna, ni dai raina baya so, ko a jirgi in zan dawo sai in ta duba waya. In zaka fita daga ƙasar ma babu wani jami'i da zai buga maka komai, kamfanin jirgi ne ke tura bayananka. Ƙasashen Turai na Shengen suma tun Oktoban 2025 suka fara sauya sitam da hoton fuska da zanen yatsa, masu son cika fasfo da tambari dan nunawa a gida kasuwarsu ta kusa watsewa. A Ayalan kuwa izinin zaman ma gaba ɗaya sunansa sitam da lamba, ɗalibi sitam 2 yana aiki awa 20 a sati lokacin karatu, wanda ya samu sitam 4 ya huta, zaiyi aikin da yaga dama ba sai da famit ba, in kaji ƴan can suna taya wani murnar sitam fo to abun kenan. Na Amurka kuma fud sitam, tallafin abinci ne na marasa ƙarfi, an fara a 1939, tun 2008 aka canza masa suna zuwa SNAP kuma kati ne kamar na banki, nan Ingila babu shi, mu masu bizar aiki ma an rubuta mana ƙarara babu mu babu tallafin gwamnati.

Inda sitam na gaske ya rage, wanda ido ke gani, sai a kasuwa. Ƙwai in ka saya a babban shago kowane guda ɗaya da rubutu ja a jikinsa. Lambar farko tana gaya maka yadda kazar ta rayu, 0 ta ci abinci marar sinadari tana yawo, 1 tana fita waje, 2 a cikin rumfa take, 3 a keji, sai UK, sai lambar gonar, ga ɗan jan zaki wanda tun 1998 yake nufin anyi wa kajin rigakafin cutar salmonela, ga ranar da ya kamata a cinye. In wani abu ya faru daga ƙwan za a bi har gonar. Tsada dai akwai, kuma ni har yanzu ban ji wanda ya kai na kazar gida daɗi ba, amma ban taɓa fasa ruɓaɓɓe ba. Nama kuma mu abun da muke nema tambarin halal ne, hukumomin da ke bada shi akwai HMC akwai HFA, na farkon basa yarda a sumar da dabba kafin yanka na biyun suna yarda da wani nau'in, shi yasa zakaga wani baya sayen kaza sai yaga ƴar alamar HMC a ƙafarta, wani kuma ko wanne ya samu bismillah.

Sai gwal, wannan saƙon Anti ne ka karanta mata. A nan doka ce duk abun gwal da ya wuce giram ɗaya ba a sayar dashi da sunan gwal sai an kai ofishin gwaji sun gwada sun buga masa ƙaramin tambari, kuma ba mai shagon ke bugawa ba, abun tun shekarar 1300 ake yinsa. Ofisoshin huɗu ne, Landan kan damisa, Birmingham ƙugiyar jirgin ruwa, Sheffield fure, Edinburgh ganuwa. Kusa dashi akwai lamba, 916 shine karat 22, 750 karat 18, 375 kuma karat 9. Toh matsalar itace yawancin abun da ke shagunan turawa 375 ne, gwal ɗin ciki bai kai rabi ba, fari fari haka, in na kawo mata shi cewa zatayi na raina ta, kuma ranar da ta tashi sayarwa bazai yi kuɗi ba. Mai kyau irin wanda take so sai shagunan Indiyawa da ƴan Pakistan, irin su Southall a Landan ko Soho Road a Birmingham ko Belgrave Road a Leicester, can ne ake samun 916 jawur, amma da kuɗin aiki da harajin kashi 20 da ke kan kayan ado zaifi na Dubai da na Makka tsada nesa ba kusa ba. Shawarata in mai zuwa Umara ta samu ta bada a sayo mata can, in kuma tambarin nan take so saboda kwanciyar hankali to ta faɗi giram nawa, sarƙa ce kaɗai ko harda ɗan kunne, in shiga in tambayo farashi ranar Asabar in turo mata hoto ta zaɓa. A gaida Hajiya da kyau, ace maganin ƙafarta yana hanya.